'Yata ta ci 6 cikin 20 a fizik, ku taya ni warware tambayoyi uku

Maiwalda_Yelwa (Garwa)

Assalamu alaikum jama'a. Ya zafi? Mu nan Garwa wannan Afrilun ba a cewa komai, ƙarfe in ya wuni a rana sai da tsumma ake ɗaga shi.

Ni mai walda ne, shekara 22 ke nan ina wannan sana'a a Yelwa. Boko a ajin ƙarshe na firamare na tsaya. 'Yata ta biyu tana lise, wato babbar sakandare, nan da wata biyu za ta zauna jarrabawar furobatuwar ta shiga ajin ƙarshe. Ranar Alhamis ta dawo da takardar fizik, maki 6 cikin 20, ta shige ɗaki ko tuwo ba ta ci ba. Yarinyar nan ba ta da lalaci, ko an ɗauke wuta da fitilar waya take karatu har dare ya raba. Da na zaunar da ita na ce ta juya mini tambayoyin zuwa Hausa, sai na ga inda gizo ke saƙa. Ta haddace haruffan tsaf da faransanci, amma in ka ce mata wannan harafin me yake nufi a tsakar gidanmu, sai ta yi shiru. Sun fi 80 a aji, malami ya rubuta a allo, su kwafa a kaye, a kaɗa ƙararrawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayoyin duka a kan abubuwan da nake taɓawa da hannuna ne kullum, ga ni kuma na kasa taimakon 'yata.

Ta farko: ruwa lita 20 yana digiri 35, ana so ya sauka 25. Zafi nawa zai fita, kuma ruwa nawa zai tashi ya bi iska kafin hakan ta samu? Rabin farko ta samo 836, amma ba ta san 836 na mene ne ba. Ni da na ji, na ce ai wannan randar mahaifiyata ce. Muna da randa a gindin dalbejiya, muna da jarka, famfo ɗaya ake cika su, amma da la'asar na jarka kamar an ɗora a wuta, na randa kuwa har haƙori yake kamawa. Me ke sanyaya shi? Kuma me ya sa a watan Agusta randar take rage sanyi, alhali garin ya fi daɗi?

Ta biyu ta shafe ni sosai. Yaron shagona, ɗan ƙanwata, ya yi hatsari da moto ranar Lahadin kasuwar Pitowa. Akuya ta shigo masa hanya, ya daka ta, ya wuntsila ta kan kan moto ya karye a hannu. Ya rantse ya gan ta tun daga nesa, kamar tsawon fayif 4, fayif ɗinmu kuwa mita 6 ne, kuma ya taka burki. Yana kan gudun 60. Na yi masa faɗa na ce ƙarya yake yi, wanda ya ga abu a mita 24 ai zai tsaya. Sai 'yata ta ce a littafinsu in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi. Na ce ta yaya biyu za ta haifi huɗu? Ba ta iya faɗa mini ba. In na zalunci yaron nan ina so in sani.

Ta uku: 'yan sama jannati da muke gani a bidiyo suna shawagi a cikin jirginsu. Maƙwabcina ya ce can ƙasa ba ta jan komai. Tambayar takardar kuma ta ce a lissafa ƙarfin jan ƙasa a bisan kilomita 400, amsar malam ta fito 8.7, mu nan ƙasa muna da 9.8. To in jan yana nan kusan duka, me ya hana su faɗowa?

Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani da Hausar da zan iya maimaita mata a kan tabarma.

Hajiya_Maikunu (Njamena)

Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban san lissafinku ba, amma randa na san ta. Duba bayanta da rana, za ka ga tana zufa. Randar da ba ta zufa ba ta sanyi. Sabuwa ta fi tsohuwa, don tsohuwa datti da maiƙon hannu sun toshe mata ƙofofi, shi ya sa muke kankare bayanta da soso. Wata amarya a gidanmu ta shafe tata da fenti don kwalliya, ruwan ya koma kamar na bokiti. Kuma ba a kai ta ƙuryar ɗaki, inuwa take so inda iska ke wucewa, a kan yashi mai laima. Da damina kuwa ko wanki ka shanya sai ya kwana bai bushe ba, ina ga dalilinsu ɗaya da randar. Ka ce wa jikata ta ci abinci, wanda bai faɗi ba bai san tashi ba.

Malamin_Fizik (Marwa)

Malam Maiwalda, sannu da ƙoƙari. Hajiya ta riga ta ba da amsar farko, ni lamba kawai zan ɗora a kai.

Da farko a raba abu biyu da Hausa take kira da suna ɗaya. Akwai tsananin zafi, shi ake aunawa da digiri. Akwai kuma yawan zafi, shi ake aunawa da jul. Kai ka fi kowa sanin bambancin. Tartsatsin giranda ya fi digiri 1,000, yana sauka a damtsenka ka kakkaɓe ka ci gaba da aiki. Ruwan shayi bai wuce digiri 100 ba, amma kofi ɗaya in ya zube maka sai fata ta saɓule. Tartsatsin yana da tsanani amma ɗan mitsitsi ne, abin da ya ɗauko kaɗan ne. Jul ke auna abin da aka ɗauko ɗin.

Ruwa lita 1 kilo 1 ne. Kafin kilo 1 na ruwa ya hau ko ya sauka digiri 1, sai an ba shi ko an karɓe masa kilojul 4.18 (kilojul 1 jul 1,000 ne). Wannan shi ne c ɗin da ta haddace a Q = m × c × Δt, inda Q yawan zafi ne, m kilon ruwa, Δt kuma bambancin digiri. Kilo 20, digiri 10: 20 × 4.18 × 10 = 836. Kilojul 836 ke nan na zafi da dole ya bar ruwan. Nan ta yi daidai.

Ta ina zai fita? Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa waje, busasshiyar iska ta kwashe shi. Amma ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai ya biya kuɗin hanya, kuma kuɗin da tsada: kilo 1 yana cin kusan kilojul 2,400 a irin zafin tsakar gida. Daga jikin randar da ruwan ciki yake ɗebo wannan zafin ya tafi da shi. Sai ka raba 836 da 2,400, ka sami kusan kilo 0.35. Ruwan da bai fi ƙaramar kwalbar lemo ba, shi ne ya sadaukar da kansa ya sauke lita 20 da digiri 10. A zahiri randa tana asarar fiye da haka, don zafin gari yana ta kutsowa ciki wuni guda, ita kuma tana ta fitar da shi. Jarka ba ta da ƙofa ko ɗaya, zafi ya shiga ba mai raka shi waje.

In ta yi mamakin girman 2,400 ɗin, ta tambayi mamanta. Tukunya tana tafasa cikin mintuna, amma kafin ruwan ya ƙone ƙurmus sai an daɗe ana tura itace. Ɗaga lita 1 daga digiri 0 zuwa 100 kilojul 418 ne. Mayar da ita tururi bayan ta tafasa kilojul 2,260 ne, fiye da ninki biyar.

Agusta kuwa iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar sabon tururi, sai zufar randa ta tsaya a jikinta. Haka zufar jikinka ma, shi ya sa zafin damina yake da naci ko da digirin bai kai na bazara ba. Da wannan hikimar wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye tumatir da alayyafo, har ya karɓi kyautar Rolex a 2000.

Yanzu burki, kuma ka shirya ba yaron nan haƙuri. A raba gudun da 3.6 a mayar da shi mita a daƙiƙa. Gudun 30 mita 8.3 ne, gudun 60 mita 16.7 ne a kowace daƙiƙa. Mai gudun 60 yana buƙatar lokaci ninki biyu kafin burki ya cinye gudunsa, wannan biyu ta farko. A cikin wannan lokacin kuma kowace daƙiƙa yana cin ƙasa ninki biyu, wannan biyu ta biyu. Biyu sau biyu, huɗu. Daga nan v² ta littafinsu ta fito, wato gudu sau gudu.

Mu ɗauka gudron busasshe ne, taya mai kyau, burki na rage mita 7 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Tazarar ita ce v² a raba da 14, wato 7 sau biyu. Mai 30 zai ja mita 5, mai 60 zai ja mita 20. Amma kafin ƙafa ta kai ga burki, daga ido zuwa ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa, ana ƙiyasta daƙiƙa 1, moto kuwa ba ya jira. Mai 30 ya ci mita 8 a banza, jimilla 13. Mai 60 ya ci kusan 17, jimilla 37. Yaronka yana da 24. Ya ɓatar da 17 kafin ya taka, saura 7, kuma a cikin mita 7 burki bai rage masa komai ba sai daga 60 zuwa kusan 48. Gaskiya ya faɗa maka, ya gan ta kuma ya taka. In akwai yashi a kan gudron kamar yadda aka saba a bakin kasuwa, abin ya fi haka muni.

Wuntsilawar kuma dokar Newton ta farko ce, wadda ya wallafa a 1687: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Akuya ta tsayar da moto, shi ba abin da ya tsayar da shi sai ƙasa. Kai mai hawa hasumiyar tanki ne, ga awon da za ka ji a jikinka: karo a gudun 30 daidai yake da faɗowa daga mita 3 da rabi, a gudun 60 kuwa daga mita 14.

Ta uku na bar wa wani, dare ya yi, ina da takardu 200 da zan duba.

Direban_Kamiyo (Kusiri)

Malam, ban ƙi ta taka ba, amma akwai inda lissafin nan bai gamsar da ni ba. Ban ga nauyi a ciki ba. Shekara 15 ina ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Gaundare zuwa Njamena. Kamiyo fanko da kamiyo mai tan 30 ba tsayawarsu ɗaya ba, ko yaron mota ya san haka. A gangaren dutsen nan bayan an baro Gaundare an nufo Garwa, in ka dogara da burki kaɗai, kafin ka kai ƙasa za ka ji wari, gangar burki ta yi jawur, ka taka ka ji kamar ka taka katifa. Na taɓa tsayawa na watsa ruwa a ganga, ya tashi fuu kamar an zuba a kaskon suya. Tun daga ranar da babbar giya, wato lamba ɗaya ko biyu, nake sauka, a hankali, ko na baya zai mutu da oda. To ina nauyi ya shiga a v² ɗinku?

Maiwalda, ɗan'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Ka saya masa hular kwano kafin ya sake hawa.

Malamin_Fizik (Marwa)

Direba, tambayarka ta fi ta littafin. Lissafin da na yi ya ɗauka cewa burki yana da ƙarfin da ya ishe shi, iyakar abin ita ce riƙon taya da hanya. A nan nauyi yana soke kansa: kaya mai nauyi ya fi wuyar tsayarwa, amma kuma ya fi danne taya a ƙasa ta ƙara riƙo. Ga moto da ƙaramar mota hakan ya yi kusa da gaskiya. Ga kamiyo mai lodi, burkin ne yake gazawa kafin taya.

Dalilin kuwa shi ya haɗa tambayar Maiwalda ta farko da ta biyu. Kuzarin gudu ba ya ɓacewa, burki yana mayar da shi zafi ne. Kuzarin shi ne rabin nauyi sau v², ga nauyinka nan ya fito. A gangare kuma kowace mita 100 da tan 30 ya sauka, 30,000 × 9.8 × 100, kilojul 29,400 ke nan da dole su sami wurin zuwa. Wannan ya isa ya tafasa ruwa sama da lita 90, kusan rabin duro. In ka tura shi duka cikin gangunan burki, sai su yi ja, su buɗe, takalmin burki ya daina kamawa. Da ka sa babbar giya, inji ne ya karɓi kaso mai yawa ya fitar ta lagireto da salansa. Watsa ruwa a ganga mai zafi kuwa a daina, sanyin gaggawa yana iya tsaga ƙarfen, Maiwalda zai ba ka labari.

Ɗaliba_a_Dang (Gaundare)

Baba, ina wuni. Ina shekara ta biyu a fizik a jami'ar Gaundare, kuma ni ma na taɓa cin 5 a lise, don haka ka gaishe mini da ƙanwata. Bari in gwada ta ukun.

Amsar ita ce suna faɗowa. Tun da suka hau suke faɗowa, ƙasar ce ba sa samu.

Ka tsaya a kan hasumiyar tanki ka jefa dutse gaba. Zai yi baka ya sauka. Ka ƙara ƙarfi, ya sauka nesa. To duniya ƙwallo ce, bayanta a lanƙwashe yake: duk kilomita 8 da ka yi gaba, ƙasa ta sunkuya ƙasa da kusan mita 5. Abin da aka saki kuma mita 5 yake faɗowa a daƙiƙar farko. In da za ka jefa dutsen da gudun kilomita 8 a daƙiƙa, ba iskar da za ta tare shi, yana faɗowa mita 5 ƙasa tana kauce masa da mita 5. Haka zai yi ta yi har ya zagayo ya same ka ta ƙeya.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa haka take. Tana bisan kusan kilomita 400, kamar ka je Marwa daga Garwa ka dawo, sai dai a miƙe sama. Faɗin duniya daga tsakiyarta zuwa inda muke kilomita 6,371 ne, ƙarin 400 ba wani nisa ba ne, shi ya sa jan ya ragu daga 9.8 zuwa 8.7 kawai. Tana gudun kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa, Garwa zuwa Marwa cikin ƙasa da rabin minti. Tana zagaye duniya cikin kusan minti 92, sau 16 ke nan a kwana. Tun Nuwamba 2000 ba a taɓa barin ta ba kowa ba. Ana ganin ta da ido bayan magariba ko kafin asuba, kamar tauraro mai haske yana tafiya ba ya ƙyaftawa.

Shawagin kuma ga dalilinsa. Nauyin da kake ji a ƙafarka, turin da ƙasa ke yi wa tafin ƙafarka ne. Su kuwa da su da daɓen jirgin da cokalinsu duk tare suke faɗowa da gudu ɗaya, ba wanda ke danne wani. Za ka iya nuna mata wannan a gida. Ka huda gorar ruwa ta roba a gefe kusa da gindi, ka cika ta, ka bar bakin a buɗe. Ruwa zai yi ta tsartuwa. Ka hau sama ka sake ta. Muddin tana cikin faɗowa tsartuwar za ta tsaya, don ruwan da gorar tafiyarsu ɗaya, ruwan ya daina danna ramin. A ɗauka da waya a kalla a hankali.

Kuma wannan jan da wasu ke ce wa maganaɗisun ƙasa, a daina ce masa haka, Baba. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa har auduga da ruwa yana ja, kuma in ba iska gudu ɗaya yake ba su. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, suka sauka tare.

Ƙari ɗaya, don ana yawan tambaya a jarrabawa kuma mutane suna faɗin kuskure. Zafin Afrilu ba don rana ta matso ba ne. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, lokacin da muke rawar ɗari. Ta fi nisa a farkon Yuli, miliyan 152. Garwa tana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, a tsakiyar Afrilu rana ke bi ta tsakar kanku da azahar, haskenta ya sauka a tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Tana sake bi a ƙarshen Agusta, amma lokacin ga gajimare, ga ƙasa a jiƙe, sai zafin ya tafi wurin busar da laima. Ƙasar gaba ɗaya ta zama randar Hajiya.

Maiwalda_Yelwa (Garwa)

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Kwana uku ban leƙo ba don sai da muka gwada komai.

Na fara da zuwa gidan ƙanwata. Yaron yana kwance da hannu a ɗaure. Na ce masa na ƙaryata ka a gaban mutane, kuma kai ne mai gaskiya, ka yafe mini. Ya sunkuyar da kai yana hawaye. Sannan na fitar da shi ƙofar gida, na ja tef na auna mita 37 daga bakin zaure, na aza dutse. Dutsen ya wuce gida biyu ya kai gaban mai shayi. Na ce ga inda za ka tsaya a gudun 60. Na dawo na aza wani a mita 13. Ya daɗe yana kallon tsakanin duwatsun nan bai ce komai ba. Direba, hular kwano na saya, biyu ma, har da tawa.

Randa kuma na ari ma'aunin zafi wurin maƙwabcina mai gyaran firji. Da la'asar iska a inuwa 41, ruwan jarka 36, na randa 27. 'Yata ce ta riƙe kaye tana rubutawa. Sai ita da kanta ta ce Baba mu rufe mata ƙofofin mu gani. Muka naɗe randar da leda tun safe muka ɗaure da roba. La'asar ta yi, 33. Da muka kwance ledar cikinta sharkaf da ruwa. Ta dube ni ta ce, to Baba ai wannan shi ne ruwan da ya kasa tafiya da zafin. Wallahi ban san lokacin da na ce Allahu akbar ba. Hajiya, mahaifiyata ta ce a gaishe ki, ta kuma ce kada a ƙara naɗe mata randa.

Gorar ma mun sake ta daga kan hasumiyar tankin da nake haɗa wa wani, mita 5. Sau biyu na farko ta juya a iska ba mu ga komai ba. Na uku ta sauka a miƙe, ƙaninta ya ɗauka da waya, ga tsartuwar nan ta yanke tun daga sakinta har ta daki ƙasa. Yaran unguwa sun sa mun maimaita har sau shida. Maƙwabcin nawa ya kalla, ya ce zai yi tunani.

Daren jiya na kawo mata tawa tambayar. Maigidan da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, ya hore ni cewa in zan kafa babban ƙyaure mai ganye biyu in bar tazarar kaurin sandar walda biyu a tsakiya, musamman in da safe nake kafawa ko lokacin sanyi. Bai taɓa faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Sau ɗaya na saɓa, na matse wani ƙyaure a watan Janairu don mai gidan ba ya son a leƙa masa tsakar gida. Maris na kamawa ya aiko, da rana ƙyaure ba ya rufuwa sai an sa kafaɗa, da asuba kuma lafiya lau. Na je na rage shi da giranda a kuɗina.

Na ba ta labarin na ce nemo mini wannan a littafinki. Ta yi ta buɗe shafuka har ta samo: ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da milimita 0.012 a kowane digiri. Faɗin ƙyauren mita 4 ne. Muka aza ma'aunin a kan wani baƙin ƙyaure da ke shago, da asuba 27, da azahar a rana 65. Ta ce a Janairu da safe ai bai fi 20 ba, don haka ta ɗauki bambancin 45. Ta rubuta 4 × 0.012 × 45, ta sami milimita 2.16. Sandar da nake aiki da ita mai kaurin milimita 2.5 ce, biyu sun ba da 5, ke nan maigidana ya bar wa zafi nasa ya kuma bar wa fenti da saukar hinji nasu.

Malam, don Allah duba mana ko lissafinta ya yi daidai, kuma ko ginshiƙan da aka binne a kankare su ma suna motsawa har a sa su a lissafi. Tana nan tsaye a kaina da biro tana jira.